Tsohuwar Mota Mai Rumfa Cikin Kayan Gādon Marayu

 

Ya 'yan'uwa, na san wani zai ce, me ya gama malamin allo da kujerar mota? To, rabon gādo ne ya gama mu. Bara, ana cikin damina, wani attajirin hatsi ya rasu a ƙasar Kiru, ba nisa da Kwanar Dangora, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da hanyar Zariya. Ya bar mata biyu da 'ya'ya bakwai, huɗu daga cikinsu ba su balaga ba. Aka kira ni in zauna wajen ƙidayar dukiya. Da muka gama da gonaki da shanu da buhuna, sai babban ɗansa ya ce, "Allah gafarta Malam, saura abu guda." Ya kai mu wani ɗaki mai rufin kwano can ƙarshen gida, aka ɓalle kwaɗo, sai ga mota a kan duwatsu, ƙura ta lulluɓe ta, kaji sun mai da ƙarƙashinta akurki. Ta kakansu ce, rabonta da hanya tun kafin a haife ni.

Abin da ya gudana game da kujerun wannan mota da rumfarta shi nake so in ba ku labari, domin akwai fa'ida a ciki ga mai saye da sayarwa, da mai sana'ar hannu, da duk wanda aka danƙa wa amanar wani tsohon abu.

Fasali na farko: asalin motar

Irin wannan mota ba ta da rufin ƙarfe. Jikinta a buɗe yake, da dogayen kujeru biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, tana ɗaukar mutum biyar. Tana da rumfa ta yadi wadda ake ɗagawa in rana ta buɗe ko hadari ya taso, a naɗe ta baya in ana son shan iska, kamar yadda ake buɗe laimar sarki a rufe. Ba gilashi a gefenta, sai labule masu 'yan tagogi da ake maƙalawa.

Wadda muka tarar ƙirar Austin ce ta Ingila. Herbert Austin ya kafa ma'aikatarsa a Longbridge, kusa da Birmingham, cikin 1905, wannan samfuri kuwa mai lamba 12 an fara ƙera shi cikin 1921. A Amurka ma haka zamanin yake: Ford ya ƙera motarsa Model T daga 1908 zuwa 1927, fiye da miliyan 15, da yawa daga cikinsu masu rumfa ne. Kafin 1930 motoci masu rufaffen ɗaki suka rinjaya a kasuwa, masu rumfa suka yi ta ja da baya.

A ƙasarmu kuwa, hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, Dangora tana cikin tashoshinta. Gyaɗa ta yi kasuwa, fataken da suka saba da jaki da takarkari suka koma jirgi, daga jirgi suka koma mota. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji cikin 1877 ya rasu cikin 1955, shi ne mafi shahara cikin mutanen wancan zamani, amma ƙananan attajirai irinsa ba su ƙidayuwa. Kakan waɗannan marayu yana cikinsu. Mutanen gidan sun ce bayan yaƙin Hitila ya sayi motar hannun wani Bature mai aikin kuza a Riruwai.

Abu guda ya kamata mai karatu ya riƙe tun yanzu. Motocin nan ƙashin jikinsu itace ne, an bi shi da fallen ƙarfe daga waje. Fatar kujera da yadin rumfa duka a jikin itacen nan ake kafe su da ƙananan ƙusoshi. In itacen ya ruɓe, duk abin da aka ɗora masa ba shi da mariƙi.

Fasali na biyu: ɓarnar gaggawa

'Yan gwangwan suka ji labari, suka zo suka taya ta da awon ƙarfe. Ana cikin shawara sai wani mai tara tsofaffin motoci ya zo daga Kaduna, ya zagaya ta, ya ce shi yana da makanikin da zai tashi injin, amma in magada suka gyara kujeru da rumfa gyara na ƙwarai, zai ba da ninkin ba ninkin na abin da 'yan gwangwan suka taya.

Na ce wa manyan 'ya'yan, "Dukiyar maraya ba a kirdado da ita. In kuna son gyara, ku fitar daga rabonku. In an sayar da riba a mayar muku da abin da kuka kashe, a raba saura bisa farilla. In an faɗi kuwa, faɗuwar taku ce." Suka yarda, aka rubuta, aka sa shaidu.

Babban ɗan, da yake yaro ne mai zafin nama, bai jira kowa ba. Ya cire kujerar baya ya kai birni wurin wani mai ɗinkin kujerun mota. Kwana shida ya dawo da ita tana walƙiya. An yaye tsohuwar fata, an zubar da abin da ke ciki, an yanka soso an cusa, an lulluɓe da jar leda, an bi da gam. Yara suka yi ta shafawa suna murna. Mutumin Kaduna ya dawo, ya danna ta da tafin hannu, ya sunsuna, ya daɗe bai yi magana ba. Can ya ce, "Malam, ni tsohuwar mota na zo saya. In kujerar soso nake so, ai Kaduna cike take da ita." Ya janye rabin tayinsa nan take.

Ban ga laifin mai ɗinkin nan da yawa ba, gama abin da ya saba yi wa motocin haya shi ya yi, ba wanda ya gaya masa abin da ke hannunsa. Allah ya taimake mu kujerar gaba da rumfa ba a taɓa su ba. Muka tura yaro da gudu, ya tarar da tsummokaran fatar da abin cikin kujerar a bayan shago ba a riga an ƙone ba, ya kwaso su cikin buhu.

Daga nan na tafi cikin birnin Kano wurin wani tsohon baduku wanda ya yi shekaru yana yi wa mahaya sallah sirdi da kayan doki, shi ne kuma yake ɗinka mini gafaka. Na kwance buhun a gabansa. Ya ɗebi abin cikin kujerar ya murza, ya yi dariya, ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan ai izga ce. Ashe Turawan da ma dukawa ne." Na ce, "Baba, tana gyaruwa?" Ya ce, "In aka kawo maka tsohon littafi na rubutun hannu gara ta ci gefensa, yar da shi kake yi ka sayo na ɗab'i?" Na ce a'a. Ya ce, "To, mu tafi in gani."

Fasali na uku: cikin kujera

Farkon abin da tsohon ya yi, ya hana kowa yanka kome. Ya sa aka ɗauki hoton kujerar gaba ta kowace fuska, sa'an nan ya riƙa zare ƙusoshi ɗai ɗai, yana ɗaga kowane rufi yana ajiye shi dabam, ni kuwa ina rubuta jerinsu. Ga abin da muka tarar daga ƙasa zuwa bisa: katakon gindi, sa'an nan sifirin na waya a jere, an ɗaure kawunansu da kirtani, sa'an nan algarara a shimfiɗe bisansu, sa'an nan izgar doki mai kauri, an ɗinke ta da algararar don kada ta gudu, sa'an nan shiɓaɓɓiyar auduga, sa'an nan akoko, sa'an nan fata. Rufi bakwai ke nan, guda ɗaya tak ido yake gani.

Aka fara da katako. Kafinta ya bi shi da tsinin wuƙa, inda wuƙa ta nutse ya yanke ya dasa sabo. Tsofaffin hujojin ƙusa, da yake sun yi yawa har itacen ya zama kamar rariya, ya cike su da tsinkayen itace da gam, domin sabuwar ƙusa ta sami abin kamawa. Aka shafe shi duka da maganin gara.

Sifirin kuwa aka kankare tsatsarsu, aka tsai da su a ƙasa aka gwada tsawonsu. Wanda ya karye ko ya durƙusa aka nemo madadinsa a kasuwar Ƙofar Ruwa, mai kaurin waya daidai da na da. Sa'an nan aka ɗaure su da sabon kirtani, gaba da baya, dama da hagu, da kuma a karkace, har ya zama in an danna guda maƙwabtansa su taya shi ɗaukar nauyi. Tsohon ya ce yawancin kujerun da ake cewa sun mutu, kirtaninsu ne kawai ya tsinke.

Izgar nan ba kamar ta wutsiyar doki take a miƙe ba. Masu yinta sukan tufka ta igiya, su dafa, su busar, sa'an nan su warware, sai ta zauna a nannaɗe, kowane gashi ya zama ɗan ƙaramin sifirin. Iska tana ratsa ta, ba ta riƙe gumi, kuma ba ta ruɓewa da wuri. Soso kuwa, kowa ya san yadda yake komawa gari in ya sha zafin bazara 'yan shekaru. Aka wanke izgar da ruwan ɗumi da sabulu, aka shanya a inuwa, almajiraina suka zauna kwana uku suna tsefe ta da yatsa. Wadda ta kwanta kamar tabarma sai ga ta ta tashi ta cika kwando. Abin da ya kasa, aka cika da izgar da tsohon yake ajiye da ita don aikinsa.

Audugar da akokon da algararar ba su ceto ba, aka sa sababbi. Amma tsohon ya yanki ɗan ƙyalle daga kowanne ya ba ni, ya ce in ajiye.

Fasali na huɗu: fata

Ya ku fatake, ba ƙasar da za ta koya wa ƙasar Hausa sha'anin fata. Bature matafiyi Heinrich Barth, da ya sauka Kano cikin 1851, ya ba da labarin yawan takalma da jemammun fatu da ake fita da su zuwa ƙasashen arewa. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, saboda ta can take biyowa ta isa gare su. Har yau majema suna nan a cikin birni suna jima da bagaruwa, ga kamfanonin jima a Challawa da Sharaɗa, ga makarantar binciken fata a Samarun Zariya.

Amma kujerar mota ƙirgin sa take so, gama fatar akuya ƙarama ce, ba ta rufe faɗin kujera sai da haɗi da yawa. A Ingila an yi majeman da suka keɓanta da wannan aiki, kamar gidan Connolly na London, wanda aka kafa cikin 1878, ya daɗe yana ba Rolls-Royce fata. Mu kuwa samun ƙirgi mai kyau ya yi mana wuya ƙwarai, dalili biyu. Na farko, yawancin fatun shanunmu yanzu tukunya suke tafiya, ana cinye su ganda. Na biyu, wanda ya tsira sau da yawa za ka tarar da tabon lalas a tsakiyarsa, ko cizon kaska, ko karcen ƙaya, ko wuƙar mai fiɗa ta huda shi. Sai da muka juya ƙirgi fiye da ashirin kana muka zaɓi uku, muka kai inda ake da injin daidaita kauri, don kada wani gefe ya yi kamar tafin takalmi wani ya yi kamar takarda.

Malamai za su so su ji wannan: mun zaɓi ƙirgin gida wanda muka san yankakke ne. Fatar mushe, a mashhurin mazhabar Malikiyya, jima ba ta tsarkake ta. An yi rangwamen amfani da ita ga busassun abubuwa, har a zauna a kanta, amma ba a salla bisanta, ba a sayar da ita. Tun da sayarwa za mu yi, kuma kuɗin na marayu ne, muka nisanci shubuha.

Game da kujerar gaba, tsohon ya ƙi a sake mata fata. Ya goge ta da ɗan ƙyalle mai laima da sabulu kaɗan, ya riƙa ba ta mai kaɗan kaɗan har mako biyu, yana barinta tana sha. Ya ce tsohuwar fata kamar mai azumi ce, in aka ɗura mata da yawa lokaci guda ta lalace. Baƙin man inji kuwa, wanda wasu suke shafawa, kashe ta yake yi. Inda ta tsage, ya manna mata siririyar fatar jar akuya ta ciki, ya haɗa bakin tsagar, har sai ka sa ido sosai kana ka gani.

Kujerar baya ita aka yi wa sabuwa. Tsummokaran da aka ceto daga bayan shago su suka zama ma'auni: aka jiƙa su kaɗan, aka shimfiɗa, aka zana, aka ƙara yatsa biyu ko'ina saboda tsohuwar fata ta tsuke. Aka rina sabuwar ta yi kusa da launin ta gaba, aka gwada ta da jiƙaƙƙen farin ƙyalle har sai da ta daina zuba, domin kada wani ya zauna da farar riga ya tashi da ja. Maɓallan jingina aka lulluɓe su da fata, aka ja kowanne da basilla da kirtani ya nutse cikin izga, aka karya fatar da ke tsakaninsu da hannu ba da ɗinki ba, bakin kowace karya yana duban ƙasa don kada ƙura ta sami wurin zama.

Tanbihi. Fatar da aka jeme da bagaruwa ba ta shiri da ƙarfe mai tsatsa. Dukawa sun san haka, gama da guntayen ƙarfe suke haɗa kuloko, baƙin rinin fata. In ƙusa ta yi tsatsa cikin laima, sai ta baƙanta fatar da ke kewaye da ita, ta cinye ta. Saboda haka ba a mai da tsohuwar ƙusa ko guda ba.

Fasali na biyar: rumfa

Rumfa ta fi kujera wuya, domin kujera zaune take wuri guda, rumfa kuwa ana buɗe ta ana rufewa, iska tana fizgarta, ruwa yana dukanta. Ƙashinta bakuna huɗu ne na itace, a lanƙwashe daga wannan gefe zuwa wancan, ƙafafunsu suna cikin hannuwan ƙarfe masu gaɓa. Biyu gara ta gama da su. Turawa da tururi suke lanƙwasa itacen ƙasarsu. Kafintanmu kuwa ya tsaga busasshen katako falle falle sirara, ya shafa gam, ya lanƙwasa su tare bisa wani ma'auni da ya sassaƙa daidai da baka mai lafiya, ya ɗaure, ya bar su mako guda. Maƙeri ya miƙe hannuwan ƙarfen da suka karkace, ya sake ƙusoshin gaɓoɓin da suka cinye.

Kafin a taɓa yadi, sai da aka ɗaga ƙashin tsirara aka auna shi da igiya, daga kusurwar dama ta gaba zuwa ta hagu ta baya, da kishiyar haka, har awo biyu suka zo daidai. Sa'an nan aka ja ɗamara biyu masu ƙarfi daga gaba zuwa baya aka kafe su ga kowane baka. Su ne suke tsai da nisan da ke tsakanin bakuna, su ne kuma suke ɗaukar ja, ba yadi ba. Bisa kafaɗun rumfar aka shimfiɗa 'yan katifu sirara na auduga, don kada ƙashin ya fito ta jikin yadi kamar haƙarƙarin ramammen doki.

Babban ɗan ya ce a sayo tamfol irin na manyan motoci. Tsohon ya ɓare bakin tsohon yadin ya nuna masa: falle biyu ne na saƙar auduga, an manne su da roba a tsakani. Tamfol ya fi shi nauyi nesa, zai karya bakunan, ba ya kuma naɗuwa. Irin wannan yadi har yanzu ana sayar da shi a Ingila saboda masu tsofaffin motoci, sai aka yi saƙo ta hannun wani ɗan kasuwa mai zuwa can. Shi kaɗai ne abin da muka nema daga waje.

Ranar ɗora yadi aka fito da motar rana da hantsi, don yadin ya yi taushi. Aka ja layi da alli a tsakiyar yadi da tsakiyar kowane baka, aka gama layi da layi. Aka fara kafewa daga baya, daga tsakiya zuwa gefe, mutum biyu, wannan ya buga ƙusa guda a dama wancan ya buga guda a hagu. Ba a nutsar da ƙusoshin ba sai bayan kwana biyu, da aka buɗe aka rufe sau da yawa aka ga inda ya tattare aka gyara. Ba a ja shi ƙam kamar fatar ganga ba, domin auduga tana tsukewa in ta sha ruwa. Kowane haɗi an ɗora na bisa a kan na ƙasa, yadda mai baibayar ɗaki yake jera shuci, ruwa ya gangara kada ya shiga. Tagar baya da ta labule, da can da wani abu mai kama da ƙaho ake yinsu, wanda yake yin ja da tsufa, yana kuma kama wuta da sauri. Waɗannan aka sa musu farar roba ta zamani.

Tsohon ya yi wa yaran gargaɗi biyu: kada a naɗe rumfa tana jiƙe, domin ta yi fumfuna, in za a naɗe kuma a zaro yadin daga tsakanin ƙarafa, don kada su cije shi kamar almakashi.

Fasali na shida: takardar shaida

Aiki ya ɗauki wata huɗu, daga kaka har tsakiyar hunturu. Da aka gama, wani daga cikin dangi ya ce, "Allah gafarta Malam, ai kujerar bayan nan in aka ɗan turbuɗe ta da ƙura aka bar ta a rana, ba mai gane sabuwa ce." Na ce masa duk almajirin da ya karanta babin ciniki cikin Risala ya san an hana algus da ɓoye aibi da cakuɗa mummuna da kyakkyawa. Sabon abu ba aibi ba ne, amma a sayar da shi da sunan tsoho ha'inci ne, kuma ba na sa wa marayu wannan a cikin abincinsu.

Masu wannan sha'ani a duniya ma a kan haka suka tsaya. Ƙungiyarsu ta ƙasashe, wadda ake kira FIVA, ta fitar da ƙa'idodi da aka sani da Yarjejeniyar Turin, suka fara aiki cikin 2013, suna kira ga mai gyara ya kiyaye abin asali iyakar iko, ya kuma rubuta abin da ya sake. A Ingila kowace shekara cikin Nuwamba ana jerin motocin da aka ƙera kafin 1905 daga London zuwa Brighton, ba a karɓar mota sai an tabbatar da shekarunta. Wani abin ma barinsa yadda yake shi ne kiyaye shi. Motar da aka harbi Janar Murtala Muhammad a cikinta ran 13 ga Fabrairu 1976 tana gidan tarihi na Onikan a Ikko da hujojin harsashi a jikinta, wanda duk ya toshe su ya shafe shaida.

Saboda haka na ɗauki alƙalami na rubuta takarda da ajami, ɗana ya juya ta da boko da Turanci. Na ce: fatar kujerar gaba ta asali ce, an yi mata maho ta ciki wuri biyar. Fatar kujerar baya sabuwa ce, jimar Kano. Izga ta asali ce sai kaɗan. Sifirin tara sababbi ne. Bakuna biyu na tsakiya sababbi ne. Yadin rumfa da tagogi sababbi ne. Na rubuta shekara, shaidu suka sa hannu. Muka haɗa takardar da ƙyallayen nan da tsohon ya ba ni ajiya, ya ɗinka musu 'yar jaka kamar ta laya, aka rataye ta ƙarƙashin kujerar baya.

Mutumin Kaduna ya zo na uku. Ya zauna gaba, ya zauna baya, ya ɗaga rumfa ya sauke, ya karanta takardar har ƙarshe. Bai mai da tayinsa na farko duka ba, ya rage wani abu saboda fatar bayan da aka yi asara, mu kuwa ba mu yi gardama ba, don gaskiyarsa ce. Duk da haka, bayan an mai wa manya abin da suka kashe, rabon kowane maraya daga motar nan kaɗai ya fi abin da 'yan gwangwan suka taya ta gaba ɗaya. Aka danƙa shi hannun waliyyinsu gaban shaidu.

Kammalawa

Ya ku attajiran Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, gidajenku ba su rasa irin wannan ajiya, ko ba mota ba: tsohon sirdi, ko adudu, ko akwatin kaka, ko littafi cikin gafakarsa. Kafin ku kira mai awon ƙarfe, ko ku ba mai gaggawa, ku nemi wanda ya san abin. Kada a yar da kome sai an auna shi an rubuta. A fara gyara daga ciki. Abin da zai ceto a cece shi, abin da aka sake a faɗa.

Ku kuma tuna da masu sana'ar. Tsohon badukun nan ya haura saba'in, idonsa ya fara rauni, yaro guda ne kaɗai ya rage a gabansa yana koyo. Ranar da muka rabu na ce, "Baba, me zan saka maka da shi bayan ladanka?" Ya ce, "Allah gafarta Malam, cikin almajiranka ukun nan masu tsefe izga, akwai guda mai hannu. In ya sauke, ka tambayi ubansa, ka aiko mini da shi." Na tambayi uban, ya yarda. Yaron yana izu na hamsin da biyu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya raya marayu, ya sa albarka ga ciniki da sana'a. Wassalamu.